Tukunyar Dankali a Bargon Kakana

A gidanmu na unguwar Marjandafak a Njamena ba mu taɓa zama mazauna ba. Mu matafiya ne, in ji Baba, hutawa muka tsaya yi. Kakanmu ya taso daga ƙasar Katsina da jakinsa da matarsa da ɗansa guda, wato Baba, zai tafi Makka a ƙasa. Da suka iso Forlami, kamar yadda ake kiran Njamena a wancan zamanin, sai cikin kakarmu ya tsufa, aka ce a dakata ta haihu. Ta haifi Gwaggo. Aka ce a dakata a yaye ta. Ana yaye ta damina ta sauka, bayan damina jakin ya mutu. Abin da ya biyo baya ban sani ba, ni dai na buɗe ido na tarar Gwaggo ta yi furfura, kuma har lokacin dakatawa ake yi.

Saboda haka Baba bai yarda a sayi gado ba, bai yarda a yi wa tsakar gida siminti ba. Ko bargo ba mu da shi. In sanyi ya zo sai mutum ya haɗa riguna ya matso kusa da garwashi. Hujjarsa tana rataye a jikin azarar ɗakinsa: wani ƙunshi na bargon gashin tumaki mai kauri, an ɗaure shi tamau da igiyar fata. Kayan hanyar kakanmu ke nan. Kafin ya rasu ya bar wasiyya, kada a kwance sai an isa. Duk Juma'a Baba yakan hau turmi ya kakkaɓe masa ƙura, ya ja igiyar ya ji ko ta saki.

Gwaggo ta tsani ƙunshin nan kamar ta mutu. Tun tana yarinya ake nuna ta ana cewa ga wadda aka tsaya dominta. Takan ce, "An tsaya a haife ni, to an haife ni. Har na yi aure, na binne miji, na dawo. Ni na riƙe ƙafar wani?" Tun rasuwar mahaifiyarmu ita ke riƙe da gidan, da mu duka, har da Baban.

Wata shekara a ƙarshen shekarun casa'in haƙoran Baba suka yi masa sallama. Wasu sun faɗi da kansu, sauran aka cire a asibiti. Baba mutum ne mai girman kai a kan abinci, shi ke zama tsakiyar zaure yana raba wa dattawa nama. Yanzu sai ya koma cin abinci a ɗaki, ya turo ƙofa. Da Ƙaramar Sallah bai fito ba sam, aka ce wa baƙi zazzaɓi yake yi. Ya rame har hularsa ta fara sauko masa kunne. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai, don ni ce auta, ni nake kai masa kwano, ni nake dawowa da shi kusan yadda na kai.

Ga Babbar Sallah tana tahowa. A ranar layya ba a tuƙa tuwo a unguwarmu, nama ne da kayan ciki da kisra, wata gurasar dawa shara-shara. Namijin da aka ga yana cin tuwo ranar ya yi shelar cewa bakinsa kango ne. Kunu kuwa Baba ya ce abincin mai jego ne, gara ya kwana da yunwa. Ya kuma faɗa mana dalla-dalla: zai je Idi, zai yanka ragonsa, sannan ya shige ɗaki ya kulle, mu san abin da za mu gaya wa dattawa.

Ni na zo da dabarar. Ina da ƙawa tun muna makaranta, 'yar unguwar Shagwa, a gidansu na taɓa cin wani abu ranar Kirsimeti da suke kira pure. Dankalin turawa ne a dafa shi luguf, a murƙushe da bayan ludayi, a sa madara da man shanu da gishiri. Ba ya neman haƙori, kuma ba wanda ya san shi a Marjandafak balle ya ce abincin marasa lafiya ne. In aka zuba masa romon layya da niƙaƙƙiyar hanta, Baba ya ci ragonsa ke nan. Ƙawar tawa ta koya min, ta kuma ja min kunne da abu ɗaya: ana sauke shi ake ci.

Saura a shawo kan Baba. Wannan aikin Gwaggo ne, ta kuwa yi shi ba tare da ta ƙifta ido ba. Matar da ba ta taɓa ganin cikin jirgi ba ta dube shi ta ce, "Yaya, wannan shi ake ba alhazai a jirgin Jidda. Gara ka fara sabawa."

Baba ya gyara zama. Ya ce a kawo ya gani.

Gwajin farko muka yi kuskure, na dafa da hantsi na kai masa bayan Azahar. Ya sa yatsa, yatsan ya tsaya a ciki. Ya ce, "Auta, na hana siminti a tsakar gida, shi ne kika kawo min a kwano?" Na mayar kan wuta, gindin ya ƙone. Na ƙara ruwa, ya zama kunu, abin da aka haramta. Sai a gwaji na gaba, da na kawo daga kan wuta kai tsaye, ya cinye ya lashe yatsa. Ya ce ya yarda zai zauna a zaure ranar Sallah, amma da sharaɗi: sai ya ga tururi da idonsa. In aka buɗe ba tururi, zai miƙe ya shige ɗaki ko a gaban wa.

To ga inda matsalar take. A dokar Gwaggo, da zarar rago ya faɗi, duk murhun gidan da duk kanun, wato ƙaramin murhun gawayi, na nama ne, ko ruwan shayi ba a ɗorawa. Na roƙe ta ta bar min kanun ɗaya. Ta ce matan dangi za su cika gidan, in suka ga an ware wa wata tukunya wuta, kafin La'asar labari ya kai bakin kogi. Dole in dafa tun maza suna filin Idi, in ɓoye, ya zauna da zafinsa har dattawa su taru bayan Azahar.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Sallar shekarar nan a tsakiyar bazara ta faɗo, lokacin da Njamena take zama tanda. Ruwan randa ɗumi, bango zafi, ƙyauren ƙarfe in ka dafa sai ka yi salati. Kaji sukan kwanta su buɗe baki suna haki. A duk faɗin garin nan, abu ɗaya tak Allah ya nufa da hucewa, shi ne tukunyata.

Na fara da kular da Gwaggo ke sayar da ƙanƙara da karkanji, wato zoɓo. Ta fizge. "Kular nan sanyi ta sani tun tana sabuwa," in ji ta. "Ba ranar Sallah za ta koyi zafi ba." Na yi mata bayanin da aka yi mana a makaranta, cewa kula ba ruwanta, abin da aka ba ta shi take riƙewa. Ta ce in je in gaya wa malaman nawa kular tata tana da ruwa, kuma karkanji ne.

Sai na hau tsani na ɗora tukunyar a kan kwanon ɗakin girki. Kwanon ya ƙona min gwiwa ta cikin zane. Na ce madalla. Baba ya dawo daga Idi, ya yanka rago, ya wanke hannu, ya fita gaishe-gaishe da cikinsa wayam, don ba ya karya kumallo ranar layya sai da naman layyarsa. Mata suka cika gida, hayaƙi ya tashi. Shirwa suka ji ƙanshin nama suka taru a sama, ɗaya ta sauka a gefen tukunyata ta tsaya tana kallonta. Wata matar ɗan'uwanmu ta ɗaga kai ta ce me aka ajiye a kan kwano? Gwaggo ta ce maganin basir ne, rana yake so. Ba wadda ta ƙara tambaya.

Da na hau na duba, murfin ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Cikin kuwa salam, kamar ruwan wankan jariri, sama har ya fara ɓawo. Na zauna a kan tsani na ji hawaye na neman zubo min, haushi kuma ya fi hawayen yawa. Rana ta gasa ni, ta gasa kwano, ta gasa murfi, ta tsallake dankali.

Muna da maƙwabci, wani mutumin Maraɗi mai tuƙa taksi, iyalinsa suna can gida, shi kaɗai yake haya a shagon jikin gidanmu. Mutum ne mara surutu, shi ya sa Gwaggo ta yarda a gaya masa rabin gaskiya. Na same shi a gindin dalbejiya yana zuba wa motarsa ruwa, tana huci. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Motar ga ta hi murhu zahi. Ni ƙwai nike dahwawa bisa injin ta."

Gwaggo ta kwaɓa fulawa ta liƙe bakin murfin don kada warin fetur ya shiga. Maƙwabci ya buɗe gaban mota ya nemo wa tukunyar gurbi a jikin inji, ya ɗaure ta da waya. Sai dai motar tana da halinta: in ta tsaya wuri ɗaya tana aiki sai ta mutu, dole sai ana tafiya. Ga shi ranar Sallah ce, ranar da mai taksi ke samu. Ya ce ba zai yi yawo da mota wayam ba. Haka na shiga gaba da sabon ɗinkina da lallena, muka fita neman fasinja, ni da shi da abincin Baba.

Mun kai wasu mata unguwar Amrigebe da ƙafar rago a cinya. Mun ɗauki wani mutum da 'ya'yansa da suka sha sababbin kaya, muka nufi Shagwa. Duk ramin da muka faɗa sai in ji tukunyar ta ce ƙwal, ni kuma in ce innalillahi, har mutumin ya tambaye ni ko an yi mana rasuwa. A hanya ƙanshin man shanu ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Yaran suka ce motar nan tana ƙanshin biki. Maƙwabci ya ce sabon mai ne ya shigo gari.

A wani shataletale wani soja ya tsayar da mu ya ce a buɗe gaba. Ya leƙa ya ga tukunya an liƙe ta da ƙullu, an naɗe ta da waya, a jikin inji. Ya ja da baya. "Da shunu?" Wato mene ne wannan. Na fito na yi masa bayani da Larabcin gari, tun daga haƙoran Baba. Ban san me ya sa na faro daga can ba, tsoro ne. Ya saurara, ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya ce shi ma tsohuwarsa ba ta da haƙori, madarar gari ake sawa ko ta ruwa? Muka tare hanya ina koya wa soja girki, motoci na ta oda a bayanmu.

Muka dawo gida ana kiran Azahar. Tukunyar ta yi zafin da sai da tsumma aka kama ta, ƙullun bakin ya gasu ya zama burodi. Na ji kamar in rungume motar. Muna shiga da ita ta ƙofar baya aka ce Baba ya aiko: sun wuce duba wani abokinsu da ke kwance, shi da dattawan duka, sai bayan La'asar za su iso.

Na koma da gudu wajen maƙwabci. Motar ta riga ta mutu a inda muka tsaya, tururi na fita ta ko'ina, ya buɗe ta yana yi mata fifita da kwali. Ya ce, "Ta yi iyakar yin ta. Sai gobe in Allah ya kai mu."

Muka kulle kanmu a ɗakin Gwaggo da tukunya a tsakiya. Yanzu ba zafi muke nema ba, wanda muka samu muke so kada ya gudu. Muka naɗe ta da zannuwa, amma zannuwan bazara ne, shara-shara. Na ce a aro bargo a maƙwabta. Gwaggo ta ce macen da ta je aron bargo a wannan zafin ranar Sallah, ko dai ta haukace ko tana ɓoye wani abu, kuma duka biyun za a yi ta faɗa har Sallar baɗi. Ta sa na zauna na rungume tukunyar a cinya. Ina zufa, tukunya na hucewa, ina ji a jikina tana raguwa a hankali.

Gwaggo ta daɗe tana kallona. Sai ta miƙe ta fita. Na ji ƙarar jan turmi a ɗakin Baba. 

Ta dawo da ƙunshin a kafaɗa ta dire shi a ƙasa. Na ce, "Gwaggo, don Allah. Wasiyya ce fa."

Ta ce, "Uban nawa ne ko naki? Shi ya ci namansa da haƙoransa har ya koma ga Allah. Wannan da ke raye shi ne ba ya ci."

Igiyar ta bushe ta ƙi kwantuwa, sai da ta shafa mata man shanu tana tsaki. Da bargon ya buɗe na zuba ido, don tun ina ƙarama nake ƙiyasta abin da ke ciki. Butar ƙarfe ce, da takalman fata da suka ƙandare, da fararen ƙyallaye na harami sun koma ruwan ƙasa, da allura a cikin kara, da wata 'yar mitsitsiyar rigar jariri. Gwaggo ta ɗaga rigar ta juya ta. Tata ce, wadda aka ɗinka don ta ƙarasa hanya a ciki. Ta ajiye ta a gefe, ta ce in miƙo tukunya. Muka naɗe ta cikin bargon ninki a kan ninki, ta ɗaure da igiyar, ta zauna a kai.

Bayan La'asar muka ji muryoyinsu a zaure. Aka shigar da nama da kayan ciki da kisra. Na ce mu juye a kwano mu ɓoye bargon, ƙila kafin Juma'a mu mayar da shi yadda yake. Gwaggo ta ce in an buɗe a nan tururin zai tashi a nan, wa zai gani? Ta ɗauki abin gaba ɗaya ta nufi zaure, ni ina binta da romo da hanta.

Baba yana tsakiya, ya ƙame bakinsa kamar yadda ya koya don kada a gane. Ya ga abin da ke hannun Gwaggo. Dattawan ma sun gani, kuma sun san shi, don yawancinsu 'ya'yan masu dakatawa ne irinmu. Baba ya dubi Gwaggo.

"Wa ya sauko da shi?"

"Ni ce, Yaya."

"Babanmu cewa ya yi sai an isa."

"Na ji, ina wurin. Ka ci tukuna, zai huce."

Ta kwance igiya, ta yaye bargo, ta fasa burodin bakin murfin da wuƙa. Ban taɓa yin addu'a a kan dankali ba sai ranar. Ta ɗaga murfi. Wani siririn tururi ya tashi, bai kai tsawon hannu ba, ya ɓace a cikin zafin zauren. Amma ya tashi, kuma Baba ya gani.

Ya daɗe yana duban bargon. Sannan ya ce bismillah ya sa hannu. Na zuba masa romo. Wani dattijo na gefensa ya ce mene ne wannan, Malam? Baba ya haɗiye ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, abincin jirgin Jidda ne. Dattijon ya ce a ɗan sam masa albarka. Na kusa da shi ma ya miƙo hannu. Kafin in ankara duk sun juya wa naman baya sun kewaye tukunya. Sai lokacin na lura da bakunansu. Ashe shekara da shekaru tsotsar naman suke yi suna tura wa kyanwa a ƙarƙashin babbar riga. Shi ya sa kyanwoyin unguwarmu ke ƙiba duk bayan layya. Suka cinye tas, har burodin bakin murfin suka jiƙa a romo. Baba na dariya da bakinsa a buɗe, dasashi waje, bai damu ba. Daɗi ya kama ni har na fita tsakar gida na yi kukan da na riƙe tun a kan tsani.

Da baƙi suka watse na tattaro kayan kakanmu na kawo zaure, da igiyar, don a mayar. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, a shirye take da faɗa. Baba ya ɗauki takalman ya ajiye, ya ɗauki haramin ya ajiye. Ya ɗauki 'yar rigar ya dube ta, ya dubi tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa, ya miƙa mata. Na miƙa masa igiya, bai karɓa ba.

Ya ce, "Shimfiɗa min bargon a nan."

Na shimfiɗa. Yana warin man shanu da fetur. Ya hau ya zauna a kan gashin tumaki a cikin wannan zafin, zufa na bin wuyansa. Ya ɗaga butar ƙarfen ya leƙa cikinta ta wajen haske.

"Auta, tana yoyo?"

Na duba na ce ba ta yi.

"To zuba mata ruwa ki ajiye min a bakin ƙofa. An kusa kiran Magariba."